Tattaki a Legas: awa ɗaya ta wadatar, in dai za a maimaita

Jama'a, tambayar nan tana yawan dawowa a tsakanin 'yan uwanmu mazauna Legas, musamman waɗanda likita ya ce musu su riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga: kilomita nawa ya kamata mutum ya taka? Ra'ayina shi ne a daina auna tattaki da kilomita, a koma auna shi da agogo. Ga baligi mai lafiya, minti 40 zuwa awa ɗaya a ranakun aiki, sannan awa ɗaya da rabi zuwa biyu a ranar hutu idan yana sha'awa. Abin da ya wuce haka ya zama horo irin na 'yan wasa, kuma shi ma yana da nasa tsarin.

Dalilin zaɓar agogo a fili yake. Mutum mai matsakaicin sauri yana cin kusan kilomita 5 a awa ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, wato kilomita ɗaya a minti 12. Dattijo, ko mai jiki, ko mai ciwon gwiwa, zai iya ɗaukar minti 15 zuwa 18 a kan wannan kilomitar. Idan aka ce kowa ya yi kilomita 5, saurayi zai gama cikin awa ɗaya yana raha, Baba kuwa sai ya kai awa ɗaya da rabi, rana ta riga ta buɗe masa a ka. Amma idan aka ce kowa ya yi minti 45, kowa zai yi daidai ƙarfinsa, kuma zuciyar kowa ta yi aikin da ake so.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Raba 150 gida biyar, minti 30 ke nan a rana, kwana biyar. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Minti 45 sau biyar ya ba ka 225, ka zauna a tsakiya. Shi ya sa nake ganin minti 45 ya fi dacewa da yawancin mutane: minti 5 na farko a hankali don jiki ya ɗau zafi, minti 35 da ɗan sauri, minti 5 na ƙarshe a sassauta kafin a tsaya. Wannan zai kama kilomita 3 da rabi zuwa 4.

Kalmar "matsakaici" ita ce wurin da ake samun kuskure. Tafiyar da ake yi ana jan silifas, ana tsayawa gaisawa a kowace ƙofar shago, ba ta cikin lissafi, ko da ta kai awa biyu. Ma'aunin mai sauƙi ne. Idan kana iya magana da abokin tafiyarka amma numfashinka ya ɗan ɗaga, har ba za ka iya jan dogon karatu ba tare da yankewa ba, to kana daidai. Idan ba ka iya haɗa jimla guda sai haki, ka yi sauri da yawa. Mai son lissafi ya ƙirga takunsa na minti ɗaya: taku 100 ko kusa da haka shi ne saurin da ake nema.

Sai batun taku 10,000 da wayoyi da agogunan hannu suka cusa wa mutane. Wannan adadin ya samo asali ne daga Japan a shekarun 1960, daga tallan wata na'urar ƙirga taku. Ba wani likita ne ya yanke shi ba. Taku 10,000 kusan kilomita 7 zuwa 8 ne, wato fiye da awa ɗaya da rabi a kan ƙafa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 a kan mata tsofaffi ya nuna amfanin yana bayyana tun daga taku 4,400 a rana, yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Don haka Hajiya da ke ganin 6,000 a wayarta kada ta karaya ta ce ba ta yi komai ba. Ta yi, kuma ta ci gaba.

Yanzu ga abin da ya sa Legas ta bambanta, kuma nan ne na fi son a tsaya a duba. Zafin Kano ko Sakkwato busasshe ne: ka yi gumi, iska ta busar da shi, jiki ya huce. A Legas iskar cike take da danshi saboda teku da ƙoramun da suka kewaye garin. Gumin yana fita amma ba ya bushewa, sai ya jiƙe riga sharkaf, jiki kuma bai huce ba. Zuciya tana aiki biyu a lokaci ɗaya, tana kai jini ga ƙafafu, tana kuma kai shi fata don rage zafi. Wannan ne ya sa kilomita 5 a Legas da ƙarfe 10 na safe ta fi kilomita 5 a Jos wahala nesa ba kusa ba. Wanda ya zo daga Arewa yana taƙama da cewa a gida yakan taka daga gari zuwa gari, ya ba jikinsa mako biyu ya saba kafin ya ƙure kansa.

Lokacin da ya dace ma gajere ne. Gari yana wayewa wajen ƙarfe 6 da rabi, kuma kafin 9 rana ta yi zafi. Tun kafin nan titi ya cika da danfo, wato ƙananan motocin haya, da keke napep da hayaƙinsu. Wanda ya fito bayan sallar Asuba, da gari ya fara haske, yana da kamar awa ɗaya da rabi mai daɗi. Da yamma kuma daga 5 zuwa Magariba, sai dai kwalta tana fitar da zafin da ta sha tun rana, cunkoson motoci kuma ya kai maƙura. Safiya ta fi. Wanda ya tsara tattakin awa uku a cikin garin nan, rabinsa a cikin zafi da hayaƙi zai yi shi.

Wurin tafiya shi ma yana yanke tsawonta. Gadar Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, tsawonta kilomita 1.36 ne. Zuwa da dawowa kilomita 2.7, kamar minti 35. Wanda ya yi sawu biyu ya haura kilomita 5, kuma ya isa haka. A filin wasa, irin na Surulere ko na Agege, duk inda aka bari a shiga, zagaye ɗaya na hanyar gudu mita 400 ne: zagaye 10 kilomita 4. Filin wasa ya fi wa masu farawa da masu ciwon suga, domin duk lokacin da jiki ya ƙi, ba ka yi nisa da ƙofa ba. Mazauna Idi-Araba, Agege, Mile 12 ko Alaba Rago da ba su da fili kusa, su samo layuka biyu ko uku marasa cunkoso a cikin unguwa su riƙa zagayawa, ya fi a miƙe babban titi. Inda babu hanyar masu ƙafa, a bi hannun hagu ana fuskantar motocin da ke tahowa, a sa ido a kan buɗaɗɗun kwatoci, kuma a cire abin sauraro daga kunne. Tsallaka babban titi sai ta gadar sama.

Bakin teku kuwa yana yaudara. Tafiya a busasshen yashi tana cin ƙarfi kusan ninki biyu na tafiya a kan ƙasa mai tauri, domin ƙafa tana nutsewa, sha-raɓa da agara suna ɗaukar nauyin. Wanda ya saba awa ɗaya a kwalta ya yi rabin awa a yashi, kuma ya bi inda yashin ya jiƙe ya yi tauri, amma kada ya matsa kusa da igiyar ruwa, don tekun Legas yana ja. Wurin adana daji na Lekki, wanda aka kafa a 1990, yana da hanyar katako da gadar igiya mai tsawon mita 401 a saman bishiyoyi. Nisan ba shi da yawa, amma da tsayawa kallon birai da jiran layi, a ware masa awa biyu.

Wata doka da ake yawan karyawa: a juya kafin a gaji. Mutum ya fito da niyyar awa ɗaya, jiki yana masa daɗi, ya yi ta tafiya har minti 50 bai juya ba, sai ya tarar dawowar ta zama wata awar, rana ta fito, ruwa ya ƙare. Idan awa ɗaya ka tsara, ka juya a minti na 25, domin dawowa ta fi tafiya nauyi.

Mai farawa kada ya fara da minti 45. Minti 15 zuwa 20 a makon farko, sau huɗu ko biyar. Kowane mako a ƙara minti 5. Cikin wata ɗaya da rabi an kai 45 ba tare da jiki ya yi tawaye ba. Abin da ke faruwa da masu ɗoki shi ne, zuciya da huhu suna sabawa da wuri, amma jijiyoyi da gaɓoɓi suna jinkiri. Mutum yana jin numfashinsa ya yi ƙarfi sai ya ninka nisa, bayan kwana kaɗan ƙaurinsa ya fara zafi, ko dunduniya ta riƙe shi da safe idan ya sauko daga gado. Daga nan sai hutun dole na makonni, kuma da yawa ba sa komawa. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, yana ƙaruwa da kowane taku, shi ne alamar an wuce gona da iri.

Takalmi yana da hannu a wannan. Silifas ba ta riƙe dunduniya, yatsu suna ƙanƙamewa don kada ta fita, bayan kilomita 2 tafin ƙafa ya gaji. A nemi kambas mai laushin ƙasa, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, domin ƙafa tana ɗan kumbura a tafiya. A sa safa. Bororo yana fitowa ne daga guga da danshi, kuma Legas tana da duka biyun. Sabon takalmi a fara gwada shi a gajeruwar tafiya. Masu jiki su shafa man basilin a tsakanin cinyoyi. Mata za su iya yin tattakinsu da hijabi mara nauyi da dogon wando a ciki, sai dai a guji baƙin yadi mai kauri da ke riƙe zafi.

Ruwa: tattakin da bai kai minti 45 ba da sassafe, kofi ɗaya ko biyu kafin a fita ya isa. Daga awa ɗaya zuwa sama, a lissafa ledar fiya wata ɗaya, wato rabin lita, ga kowace awa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan jiri ya zo, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko nama ya ɗaure, a tsaya a inuwa nan take. Ciwon ƙirji kuwa, ko nauyi a ƙirji da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, ba na hutawa a ci gaba ba ne, na asibiti ne. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kada ya fita da yunwa, ya sa dabino uku ko alewa a aljihu, ya duba tafin ƙafarsa idan ya dawo, saboda rauni yana iya samunsa bai ji ba. A watan azumi a rage zuwa minti 20 ko 30, dab da shan ruwa ko bayan Tarawihi.

Ya kamata a faɗi wannan ma: ba kowa wannan maganar ta shafa ba. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mai tura baro, da mai yawon talla, sun riga sun ninka abin da ake nema kafin Azahar, abin da suke buƙata hutu ne da takalmi mai kyau. Maganar ta masu zama ce: ɗan canji, tela, direban da ke wuni a gosulo, mai shago, ma'aikacin ofis, da uwargida da ba ta fita. Su ma in minti 45 a jere ya gagara, minti 15 sau uku a rana yana shiga lissafin mako.

Hawan dutse wani babi ne, kuma Legas ba ta da tudun kirki, sai an fita: Dutsen Olumo a Abeokuta, Ado Awaye a Jihar Oyo, ko duwatsun Idanre a Ondo masu matakala fiye da 600. A nan kilomita ba ta gaya maka komai. Akwai tsohon lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Misali, tafiyar kilomita 4 mai hawan mita 300 za ta ci minti 48 da ƙarin 30, kusan awa ɗaya da minti 20. Lissafin na ƙasar sanyi ne da mutane masu horo, don haka a nan a ƙara kashi ɗaya cikin uku, a ce awa ɗaya da minti 45. Ga wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Legas, awa biyu zuwa uku hawa da sauka shi ne iyaka a karon farko. A fara kafin ƙarfe 8, a riƙe lita ɗaya da rabi na ruwa kowane mutum, a tafi da saurin wanda ya fi kowa jinkiri a ayarin. Sauka ta fi hawa cin gwiwa, kuma a nan aka fi zamewa saboda ƙafa ta riga ta gaji, don haka a gajarta taku, a riƙe sanda in akwai. Idan an yi ruwan sama da daddare, a bar dutsen ya bushe tukuna.