Tulun kwaikwayo ba jabu ba ne, a fito da shi daga sito

Akwai wani yanki a Jamus da ake kira Westerwald, kusa da Koblenz, mutanensa tun kaka da kakanni sana'arsu ginin tulu da buta, irin wanda ake toyawa da wutar da ta kai digiri 1200 har yumɓun ya koma kamar dutse, ko ɗigon ruwa ba ya tsatsa. In wuta ta kai maƙura sai su watsa gishiri a matoyar, ya bi jikin tulun ya bar masa sheƙi mai gurza-gurza kamar ɓawon lemu, jiki ruwan toka, zane shuɗi.

To bayan haɗewar Jamus a 1871 masu hannu da shuni suka kamu da son kayan kakanni, kowa so yake falonsa ya yi kama da na ƙarni na 16. Nan fa kamfanoni irin na Reinhold Hanke, wanda ya buɗe a garin Höhr na wannan yankin a 1868, da na Simon Peter Gerz suka hau kwaikwayon tsofaffin tulunan garuruwan Raeren da Siegburg, waɗanda suka yi suna da ginin tulu a da, ba kama hannun yaro. Daga baya yayin ya wuce, masana suka daɗe suna yi wa kayan kallon hadarin kaji, da yawansu suka ƙare a siton gidajen tarihi.

Ni dai wannan rainin bai kwanta min ba. Ka juya gindin irin wannan tulu, sau da yawa za ka ga tambarin kamfani da lambar samfuri an buga su ƙarara, a gefe kuma wani lokaci ga siririn layi inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Mai niyyar cuta ai ba ya sa hannu a kan aikinsa. Gaskiya ne akwai marasa tambari da dillalai suka sayar a matsayin na da, har wasu suka shige gidajen tarihi da shekarun ƙarya a takardarsu, amma wannan ma dalili ne na a zauna a duba su ɗaya bayan ɗaya, yumɓu, zane, nauyi, a gyara takardun. In ba ka san na 1880 ba ta yaya za ka rantse a kan na 1580?

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Ladi Kwali da ke bayan naira 20, a cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja, ta ɗauki siffar tulun Gwari da zanen ƙadangare da kifi ta toya shi da wuta mai tsanani har da sheƙi, ya bar bakin rafi ya koma kayan ado. Yau ana nuna aikinta a gidan tarihi na Victoria and Albert (V&A) a Landan, ba wanda ya ce masa jabu. Abin da nake so gidajen tarihi irin na Höhr-Grenzhausen da Hetjens na Düsseldorf su yawaita shi ne jera tsohon tulu da kwaikwayonsa a kanta ɗaya, a kwantar da na biyun yadda mai kallo zai ga tambarin gindinsa.