Kwana ya ƙare, mun ji. To ina fayil ɗin?

A asibitocin Abuja an mayar da "kwana ya ƙare" mafaka. Majinyaci ya mutu don ba a duba shi da wuri ba, ko an yi masa allurar da ba tasa ba, ko an bar shi yana zubar da jini ana jiran kuɗi, sai wani mai farar riga ya fito ya dafa kafaɗar ɗan uwansa ya ce a yi haƙuri, sun yi iya ƙoƙarinsu. Mu kuma mu yi salati, mu nemo mota, kafin la'asar an rufe mutum. Ba mai tambaya, ba mai amsawa. Ni dai na gaji da wannan shirun.

Matar ƙanena ta haihu da daddare a wani asibitin kuɗi da ke wajen Dei-Dei. Jaririya ta faɗo lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Nas ɗaya ce a wurin, duk wanda ya tambaye ta likita sai ta ce yana hanya. Mai karɓar kuɗi kuwa yana nan daram a kujerarsa, ya ce ba za a buɗe ɗakin tiyata ba sai an ajiye kafin alƙalami. Muka harhaɗa, muka tura ta waya, ƙanena ya nuna masa shaidar kuɗin sun fita. Ko kallon kirki bai yi wa wayar ba, ya ce sai alat ya shigo masa. A lokacin nan mahaifiyarmu tana cire zani tana sa wani, duk sun jiƙe sharkaf, yarinyar kuma leɓenta ya yi fari fat, tana ce mini, "Yaya, sanyi nake ji, a rufe ni." Da likitan ya iso dab da asuba, duban minti biyu ya yi mata ya ce abin ya fi ƙarfinsu, mu wuce babban asibiti. Ba motar asibiti, ba takardar da za mu nuna a can. A tasin maƙwabcinmu ta cika, kafin mu kai.

To, abin da suka yi laifi ne a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili. Amma ku ji hukuncin: tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Naira 100,000! Kafin alƙalamin da suka nema a hannunmu ma ya fi haka. Wane mai asibiti ne wannan tarar za ta hana barci? A 2017 aka ƙara wata dokar da ta tilasta a karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, a 2018 kuma Osinbajo, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata a nan cikin garin. An yi taro, an ɗauki hotuna, an watse. Je ka Gwagwa ko Karmo ka tambayi mutum goma ko sun taɓa jin labarinsa.

Akwai kuma takardar da suka sa ƙanena ya dangwala wa hannu. Shi ɗan dako ne a kasuwar katako, ba ya karanta Turanci, kuma ba wanda ya fassara masa ko layi ɗaya. Ita wannan doka ta 2014 ta ce a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji, gwargwadon karatunsa. Amma da muka koma bayan sadakar uku muna neman fayil ɗinta, wannan takardar suka fara zaro mana, wai ai mijinta ya amince. Ya amince da me? Da a bar ta sai alat ya shigo? Fayil ɗin kuwa yau yana ofishin oga, gobe mai makulli bai zo ba. A takardar mutuwa an rubuta wai zuciyarta ce ta tsaya. Wa ya taɓa mutuwa zuciyarsa tana bugawa?

Abin da ya fi ƙona mini rai ma daga gida ya fito. Kawunmu ya kira ni gefe ya ce, "Kai ɗana, ka bar wa Allah, shari'a ba za ta dawo da ita ba." Na ce, "Kawu, ban musa ƙaddara ba." Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyya a kan kisan kuskure, a Suratun Nisa'i, kuma hadisi ya zo cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ke da alhakin abin da ya biyo baya. Da direba ne ya take ta a hanyar Zuba, Kawun nan da kansa zai kai shi caji ofis. Me ya sa idan mai farar riga ne sai bakin kowa ya mutu?

Na sani likitoci ma suna shan tasu wahalar. Ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun baya, kuma alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, wanda shugabannin Afirka suka ɗauka a nan Abuja a 2001, har yau Najeriya ba ta cika shi ba. Wanda ya kwana a tsaye a kan majinyata hamsin dole hannunsa ya yi rawa. Sai dai gajiya ba ta ɓoye fayil, kuma ƙarancin likitoci ba shi ne ya hana mai karɓar kuɗi ɗaga kai ba.

Ga mai son bin kadi, hanya tana nan, amma kamar da gangan aka shimfiɗa mata ƙaya. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da likita ko soke sunansa. Sai dai sai ka rubuta ƙorafinka ka yi rantsuwa a kansa, kuma ko ka yi nasara, ladabtarwa ce kawai, diyya sai ka buɗe wata shari'ar a babbar kotu. A can za a ce ka kawo likitan da zai shaida cewa ɗan uwansa likita ya yi sakaci. Nemo shi mu gani. Hujja mafi ƙarfi kuma, binciken gawa, mun binne ta da hannunmu tun ranar farko.

In kuwa a asibitin gwamnati abin ya faru, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ba ka wata uku kacal ka shigar da ƙara. Matar da mijinta ya mutu ta sanadin sakaci takabar wata huɗu da kwana goma za ta yi. Ranar da ta fito ta nufi kotu, lauyan asibiti zai miƙe ya ce ta makara. 'Yan majalisar da suka bar wannan doka a haka, su da zazzaɓi ke kai su Landan da Dubai, su zo su gaya mana wa suke karewa.