Ɗan kokowar Damagaram ya cancanci fiye da kari

Shekarata ta shida ke nan a Dakar, kuma duk ranar da aka yi babbar kokowa a filin Pikine, wanda aka buɗe a 2018, sai hankalina ya koma filin Langa-Langa na Damagaram. Kuɗinmu ɗaya da Senegal, sefa ce a nan sefa ce a can, shi ya sa kwatancen yake yi mini ciwo.

A nan kokowa sana'a ce. Mai shirya wasa yana zama da ɗan kokowa a sa hannu a takarda, a ba shi kafin alƙalami tun watanni kafin karawa, a cika masa sauran bayan an tashi. Kamfanonin waya da gidajen talabijin ne ke zuba kuɗin. Tun da Mohamed Ndao, wanda ake kira Tyson, ya ɗaga farashin kansa a shekarun 1990, manya irin su Yekini da Balla Gaye 2 suka kai ga karɓar miliyan 100 a karawa guda. Ba kowa ke samun haka ba, ƙanana da yawa na fama, amma aƙalla akwai tsanin hawa.

Mu fa? Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, muna da abin da ya fi haɗa kan 'yan Nijar: jihohi 8, kowace da 'yan kokowa 10, ƙasa duka ta kasa kunne ga rediyo. Wanda ya ɗauki takobi ya samu doki da miliyoyi, Allah ya sa albarka. Mafi yawan sauran 79 kuwa sai abin da aka ba su na kaye da karin da manya suka yi musu, sannan a koma gida a jira baɗi.

Akwai wani maƙwabcinmu a Zengo da na taso ina riƙe masa gorar ruwa idan zai shiga fili. Ya sha wakiltar jiha, makaɗa sun sha wasa shi har gashin jikinka ya tashi. Kafaɗarsa ta goce a wata karawa, mai ɗori na gida ya gyara, babu wanda ya biya masa asibiti. Da na je gida bara na tarar da shi yana sauke buhunan gero a kasuwar Dole da hannu ɗaya da rabi. Ya ce mini, “Ƙanena, ranar da aka daina kiran sunanka a fili, har gaisuwa raguwa take.”

Ba na so mu kwaso naushin da 'yan Senegal ke haɗawa da kokowarsu. Tamu ta fi tsafta, a bar ta yadda take. Takardar nan nake so mu ɗauko. 'Yan kasuwar Damagaram da ke jefa kuɗi a fili don maroƙi ya ambace su, su haɗa kuɗin nan su shirya karawa duk wata daga kaka zuwa bazara, a Mirriya, a Magarya, a Matamai, da kuɗin ƙofa sananne, da kason ɗan kokowa da na makaɗi a rubuce, a kuma ware wani abu na jinyar wanda ya ji rauni.