Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina illa ba

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, sai in ji ana cewa babu laifi a kwana da kaskon wuta a ɗaki muddin gawayin ya ruru ya daina hayaƙi. Maganar tana damuna. Na san daga ina ta fito: hayaƙi ne ke sa tari da hawaye, don haka idan ya ɗauke sai a ɗauka an tsira.

Sai dai abin da ke kisa ba a ganinsa. Gawayi na ci a ɗakin da iska ba ta ratsawa, yana fitar da wata guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Idan an shaƙe ta, tana kama jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200, ta hana shi kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Mai barci ba ya jin komai, shi ya sa wasu ba sa farkawa.

Misali, uwa ta shigar wa yara kasko don tausayi, ta rufe taga, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Da safe kowa ya tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, a ce ai sanyi ne ya kama su. Alamun gubar ke nan.

A ji ɗumin wuta a tsakar gida, a bar kaskon can. Cikin ɗaki kuwa, bargo, safa da rigar sanyi za su riƙe mutum har sanyin ya ja baya a ƙarshen Fabrairu.