Bitar tsarin yaƙi da kansa: a fara ƙirga kwanakin da majinyaci ke jira

Duk sanda gwamnati ta zauna bitar tsarinta na yaƙi da cutar kansa, abin da ake fara karantowa shi ne injina nawa aka sayo, cibiyoyi nawa aka buɗe. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan: daga ranar da mace ta je asibiti da kullutu a mama, kwana nawa ake yi kafin a tabbatar mata da abin da ke damunta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: a kammala bincike cikin kwana 60, a gano kashi 60 cikin ɗari na masu sankarar mama tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, kashi 80 kuma su kai ƙarshen magani.

Ɗakin gwaji na daga cikin wuraren da kwanakin nan ke salwanta. Ɗan naman da aka ciro daga kullutun don gwaji dole ya shiga fomalin, ruwan da ke hana nama lalacewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin awa guda, ya kuma zauna a ciki awa 6 zuwa 72. In aka bar shi a kan tire ya bushe, ko ya yi mako a kwalba ana jiran mai kai shi, gwajin da ke nuna ko cutar za ta ji ƙwayar tamoxifen na iya fitowa ba daidai ba, sai a hana baiwar Allah maganin da zai amfane ta. Tsarin da bai faɗi wa zai ɗauki samfur ba, da wace rana, da wanda zai kira majinyaciya in sakamako ya fito, ya bar baya da ƙura.

Haka injin gashi, wanda ke ƙona kansa da haske mai ƙarfi. Kusan rabin masu kansa za su buƙace shi. Injin da ke aiki da sinadarin kobalt, ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, don haka kuɗin canja masa sinadari ya kamata ya shiga kasafi tun ranar saye. Na zamanin kuwa sai da wuta tsayayyiya, na'urar sanyaya shi, masanin da zai riƙa auna haskensa, da yarjejeniyar gyara. Mai sankarar bakin mahaifa ana so ta gama gashi cikin mako takwas. Injin ya tsaya a tsakiya, cutar ba ta tsaya jiran injiniya.

Duk wannan ba ya aunuwa sai da rajistar da ke ƙirga masu cutar a cikin al'ummar yanki gaba ɗaya, don ta asibiti waɗanda suka iso kawai take gani. Sannan masu bita su duba shagon magani na ƙananan asibitoci, su ga ko akwai mofin na sha, maganin rage tsananin zafin ciwo, ga wanda cutarsa ta yi nisa. In babu, a rubuta haka a rahoton, tare da ofishin da ke da alhakin kawo shi da ranar da zai kawo.