Sola a Katsina: a auna faranti kafin a yi maganar rangwame

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya koma sai mai hali, farantan sola kuma suka cika rufin gidaje daga Ƙofar Ƙaura har Daura. Abin da ke damuna shi ne yadda muke sayensu. Mutum ya shiga shago ya ce a ba shi mai wat 550, ya leƙa takardar da ke manne a baya, ya biya, ya ɗora a Keke Napep.

Wannan lambar a ɗakin gwaji aka samo ta, faranti yana kan zafin digiri 25. Ina za a samu digiri 25 a kan rufin kwano a Katsina cikin watan Afrilu? Da azahar faranti yakan kai digiri 65, kuma duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25 yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari na ƙarfinsa. Ka ga 550 ya dawo wajen 470, tun ƙurar hunturu ba ta karɓi nata rabon ba. Kuma wannan lissafin faranti mai kyau ne.

Na jabu kuwa na gan shi da idona a gidan maƙwabcina. Takarda ta ce 400, mai haɗa sola ya ɗora mita rana tsaka, da ƙyar aka ga 200. Dattijon ya tsaya riƙe da rasit, ya kasa cewa komai, kuɗin sallamarsa daga aiki ya zuba. Alhali tef ɗin tela ma ya isa ya tona asirin. Faranti na kirki yana ba da wat 200 da ɗoriya a kowace murabba'in mita, don haka mai 550 na gaskiya tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗara mita ɗaya. In ka ga ɗan ƙarami da babbar lamba, ka ajiye.

Sai batun rangwame. A Amurka dokar 2022 ta ba mai gida damar cire kashi 30 na kuɗin solarsa daga haraji, kafin a rufe wannan ƙofa a ƙarshen 2025. Namu tsarin daban ne. Dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disambar 2023 don shirin DARES na faɗaɗa wutar sola a Najeriya, ta hannun REA, hukumar samar da wutar lantarki a karkara, suke bi zuwa ga kamfanoni, ba aljihun mai gida ba. Ban ƙi tsarin ba, amma wa ke tabbatar da cewa sauƙin ya iso ga mai saye a Mashi ko Mai'aduwa?

Ni a ganina kada a biya kowane kamfani ko kwabo sai an hau rufin an auna abin da ya kafa. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki kuma ta riƙa shiga shaguna da mitarta, ta gwada faranti a gaban mai shago da mai saye.