Ranar da E. coli ta fi ni dabara

Saura kwana tara wata ya ƙare, naira dubu biyu ce kacal a aljihuna, aka ce ni zan gabatar da semina ranar Laraba. Maudu'in kuwa kamar da gayya aka zaɓa mini: yadda bakteriya ke tsuke bakin aljihu idan amino asid, tubalin da take gina furotin da shi, ya yanke mata.

Mai hankali gari da ƙuli zai saya. Ni kuwa na buga takarduna masu kala, ragowar na kai hulata wanki, har da ciko a kaina. Ai ba a tsayawa gaban malamai da hula a lanƙwashe.

Laraba na hau mumbari, rabona da abinci tun azahar ɗin Talata. Na fara zuba bayani: idan bakteriyar E. coli ta rasa amino asid, tRNA, ɗan dakon amino asid ɗin, kan iso ribosom, wato masana'antar furotin, hannu rabbana. Nan take furotin RelA ya farga, ya ƙera ppGpp, sinadarin da Cashel da Gallant suka gano a 1969, har aka yi masa laƙabi da ɗigon sihiri. Shi kuma ppGpp ya je ya dafe RNA polimares, injin da ke ƙera RNA, a rage ƙera rRNA (kayan ginin ribosom) da tRNA, ƙarfin ya koma kan haɗa amino asid. Wato maigida ya ce a dakatar da gini, a nemi na tuwo tukuna.

Malamai suna ta gyaɗa kai, ni kuma kaina na daɗa kumbura a cikin hular. Sai na zo kan irin E. coli da relA ɗinsu, wato ƙwayar gadon da ke samar da RelA, ya lalace, waɗanda ko ana yunwa ba sa fasa ƙera RNA, kamar 'ya'yan attajiri.

Daidai nan cikina ya yi ƙugi. Makirfon kuma, don tsabar munafunci, a saitin cibiyata na riƙe shi. Zauren ya yi tsit.

Shugaban zaman ya sauke tabarau ya ce, "Malam, wannan kuma wane sinadari ne?"

Kafin in buɗe baki, abokin ɗakina ya ɗaga murya daga baya: "Ranka ya daɗe, nasa relA ɗin ne ya lalace. Kuɗin gari ya kai wa mai wankin hula."

Har mai share zauren sai da ta dafa tsintsiya tana dariya. Da aka tashi, malamin ya miƙo mini naira ɗari biyar ya ce in je in sayi awara. Ina fitowa na tarar da mai wankin hula a bakin ƙofa, ya zo karɓar cikonsa.